Koyarwar zaɓen Allah: a koyar da ita a ikkilisiya, ko a bar wa ɗaliban tauhidi?

Malam Ishaku, Samaru

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ni ne ke jan ragamar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a ikkilisiyarmu, yawancinsu ɗaliban jami'a ne da ƙananan ma'aikata, kuma a wannan zangon muna bin wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa. Ba mu yi nisa ba muka ci karo da aya ta 4 da ta 5 a sura ta farko, inda aka ce Allah ya zaɓe mu cikin Almasihu tun kafin a kafa duniya, ya kuma ƙaddara mu zama 'ya'yansa bisa ga nufinsa na alheri. Nan take matasan suka rabu gida biyu. Wasu suka ce idan haka ne an riga an gama magana, wa'azi da addu'a domin waɗanda ba su tuba ba sun zama wahalar banza. Wasu kuma suka ce Allah mai adalci ba zai zaɓi wani ya bar wani ba, don haka lalle ayar tana nufin wani abu dabam.

Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ba ni shawara in tsallake wurin. Ya ce wannan magana ta raba kawunan manyan malamai shekaru aru-aru, ba abincin yara ba ce, in koya musu tuba da bangaskiya da zaman tsarki, sauran in bar wa waɗanda suka je makarantar tauhidi. Na ga hikima a cikin maganarsa, domin ba na so in buɗe ƙofar gardamar da ba zan iya rufewa ba. Amma kuma zuciyata ba ta natsu da tsallake abin da Manzo ya sa a bakin ƙofar wasiƙarsa ba, tun da ikkilisiyar Afisa da ya rubuta wa ba taron malamai ba ce, akwai bayi da mata da yara a cikinta, kamar yadda sura ta 5 da ta 6 suka nuna.

Ga tambayata. Wane muhimmanci wannan koyarwa take da shi a bangaskiyar Kirista, har da za a ce wanda bai san ta ba ya yi asarar wani abu? Kuma mene ne bambancinta da maganar nan da muka tashi muna ji a bakin kowa, cewa abin da aka rubuta wa mutum ba makawa sai ya same shi? Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su haska mini hanya.

Baba Istifanus, Wusasa

Ɗana Malam Ishaku, Allah ya sa albarka a aikin da kake yi. Ban yarda a tsallake ba, ko da yake na fahimci tsoron dattijon naka, kuma ba tsoron banza ba ne.

Ka fara lura da cewa ba Bulus ne ya ƙirƙiro maganar ba. A Maimaitawar Shari'a 7:7-8 Musa ya gaya wa Isra'ilawa cewa Ubangiji bai zaɓe su don sun fi sauran al'ummai yawa ba, hasali ma su ne mafi ƙanƙanta, ya zaɓe su ne don yana ƙaunarsu, don kuma ya cika rantsuwar da ya yi wa kakanninsu. Ka duba yadda dalilin ya koma kan Allah kansa, ba a sami ko ƙwayar dalili ɗaya a jikin mutanen ba. Ubangiji Yesu ma ya ce wa almajiransa a Yohanna 15:16 ba su ne suka zaɓe shi ba, shi ne ya zaɓe su, a 6:44 kuma ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Wanda ya sa kansa tsallake duk inda wannan magana ta fito zai wayi gari ya tsallake rabin Littafin.

Muhimmancinta a wurina shi ne ita ke amsa tambayar da sauran koyarwar alheri suke bari a buɗe. Dukanmu muna cewa da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba da ayyuka ba. To, mutane biyu sun zauna a benci ɗaya, sun ji wa'azi ɗaya, ɗaya ya tuba, ɗaya ya fita yana dariya. Me ya bambanta su? Idan amsar ƙarshe ita ce na farkon ya fi hankali, ko ya fi laushin zuciya, ko an fi ba shi tarbiyya, to fahariyar da muka kora ta ƙofa ta dawo ta taga, sai dai yanzu da bangaskiyarmu muke taƙama maimakon ayyukanmu. Wannan ne ya juya tunanin Agustin, bishop na Hippo, garin da a yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. Da farko yana ganin cewa fara gaskatawa namu ne, Allah kuma ya cika sauran. Da yake amsa wa wani dattijo mai suna Simfilisiyanus tambayoyi a kan Romawa 9, wajen shekara ta 396, sai 1 Korantiyawa 4:7 ta tsaya masa a rai: me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Daga nan ya riƙe cewa bangaskiyar kanta kyauta ce. Felajiyus, wani malami ɗan Birtaniya da ke zaune a Rum, yana ganin irin wannan koyarwa za ta sa mutane sakaci, domin a ganinsa mutum yana da ikon yin biyayya in ya ga dama. Taron bishop-bishop a Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙi koyarwarsa a 418. Ina so matasanka su san cewa a ƙasar Afirka aka fara kai ruwa rana a kan wannan batu, fiye da shekara 1,000 kafin a haifi Jon Kalbin, malamin Furotesta na birnin Jeniba, wanda yawanci ake jingina wa maganar kamar shi ya kawo ta.

Mu a ikkilisiyar Angilikan muna da ƙa'idodin bangaskiya 39, waɗanda aka daidaita su a 1571, kuma na 17 a kan wannan magana yake. Ina so ka nemo shi ka karanta, ko da kai ba ɗan ɗarikarmu ba ne, saboda yadda aka auna shi. Ya ce tun kafin a kafa duniya Allah ya ƙudura, cikin shawarar da ke ɓoye gare mu, zai kuɓutar da waɗanda ya zaɓa cikin Almasihu daga la'ana, ya kai su ga madawwamin ceto. Sai ya ce tunanin wannan abu ta'aziyya ce mai daɗi ga masu tsoron Allah, amma ga masu bin sha'awar jiki da masu shisshigi cikin asirin Allah rami ne mai haɗari, wanda Iblis ke tura su ciki, ko su fid da zuciya ko su saki jiki cikin ƙazamar rayuwa. Sa'an nan ya rufe da cewa mu karɓi alkawaran Allah kamar yadda aka shimfiɗa su ga kowa a cikin Littafi, mu kuma bi nufinsa da aka bayyana a fili. Bai ce uffan ba game da ƙaddara wani ga hallaka. Waɗanda suka rubuta shi sun ga haɗarin da dattijonka ya gani, amma maganin da suka kawo shi ne a koyar da hankali.

Game da tambayarka ta biyu, aya ta 5 da kanta ta ba ka amsa, domin maganar mayar da mu 'ya'ya take yi. Ka san yaron da aka ɗauko riƙo tun yana goye. Ba shi ya zaɓi gidan ba, bai kuma yi wani aikin da ya sa aka ɗauko shi ba, amma idan ya girma ya ji labarin yadda uban gidan ya tashi takanas ya je ya ɗauko shi, ba ya cewa an yi masa dole, sai dai ƙaunar uban ta ƙara shiga ransa. Maganar "abin da aka rubuta", yadda muke faɗinta a wurin ta'aziyya ko bayan an yi asara, takan sa mutum ya naɗe hannu ya haƙura da abin da ba ya so. Bulus kuwa da yabo ya buɗe maganarsa, kuma ya ce an zaɓe mu ne domin mu zama tsarkaka marasa aibu a gabansa.

Malama Rifkatu, Tudun Wada

Baba, na gode da wannan bayani, kuma ban ƙi ko ɗaya daga cikin ayoyin da kuka kawo ba. Amma da izininku zan faɗi abin da nake gani ya ragu, domin kada Malam Ishaku ya shiga aji da ɓangare ɗaya.

Akwai wata uwa a zumuntar matanmu wadda ɗanta ya bar sujada ya faɗa shaye-shaye. Shekaru da dama, duk ranar da aka ce a kawo buƙatun addu'a, ita ce ta farkon ɗaga hannu, ta ambaci sunansa. Wata rana aka gayyato wani baƙon mai wa'azi, ya yi magana a kan Yakubu da Isuwa, ya ce akwai waɗanda ko an kwana ana kuka dominsu ba za su taɓa tuba ba, domin ba a rubuta sunansu ba. Tun daga makon da ya biyo baya matar nan ta daina ɗaga hannu. Takan zauna a layin baya, littafin waƙoƙi a rufe a kan cinyarta, idan aka zo kan buƙatun addu'a sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Da muka bi ta gida muka tambaye ta, sai ta ce ba ta so ta yi ta roƙon abin da wataƙila Allah ya riga ya ƙi. Sai da aka sha wuya kafin ta sake buɗe baki. Wannan ne ya sa duk lokacin da na ji za a koyar da zaɓe nakan tambaya: wane irin zaɓe?

Littafin da ya ce an zaɓe mu, shi ne kuma ya ce a 1 Timoti 2:4 Allah yana so dukan mutane su sami ceto, ya ce a 2 Bitrus 3:9 ba ya so kowa ya hallaka, ya ce a Ezekiyel 33:11 ba ya jin daɗin mutuwar mugu. Ubangiji ya yi kuka a kan Urushalima, ya ce sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta amma suka ƙi. Bai ce bai zaɓe su ba, cewa ya yi sun ƙi. Kuma maganar Yakubu da Isuwa, idan aka koma Farawa 25:23, al'ummai biyu aka ce suna cikin mahaifar Rifkatu, uwarsu, ana maganar wadda alkawarin zai bi ta zuriyarta ne. Bulus kuma ya ƙare dogon bayaninsa a Romawa 11:32 da cewa Allah ya kulle kowa cikin rashin biyayya domin ya yi wa kowa jinƙai.

Kalbin ya wuce inda ƙa'ida ta 17 ta tsaya. A babban littafinsa na koyarwar Kirista, bugun 1559, ya koyar da cewa an ƙaddara wasu ga rai, wasu ga hallaka, kuma shi da kansa ya yarda hukunci ne mai ban tsoro. Arminiyus, wanda ya yi karatu a Jeniba a hannun magajin Kalbin kafin ya zama malami a jami'ar Laiden a ƙasar Holan, ya kasa haɗiye wannan. Bayan rasuwarsa a 1609, mabiyansa suka gabatar da matsayinsu a 1610, cewa Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya sani za su gaskata, kamar yadda Romawa 8:29 da 1 Bitrus 1:2 suka haɗa zaɓe da rigyasanin Allah, cewa Almasihu ya mutu domin kowa, kuma mutum yana iya ƙin alheri. Kada a ɗauka sun ce mutum yana ceton kansa. Sun yarda sarai cewa ba mai iya tuba sai alheri ya riga ya taɓa shi, Jon Wesli, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, shi ma daga baya a kan wannan ya tsaya. Saboda haka tambayar Baba ta mutane biyu a benci ɗaya tana da amsa a wurinmu: wanda ya tuba alheri ne ya cece shi, ba shi da abin fahariya, wanda ya fita yana dariya kuma an miƙa masa alherin da gaske, shi ya ture.

Malam Ishaku, ka koyar, ni ma ban ce ka tsallake ba. Amma ka gaya wa matasan cewa masu tsoron Allah sun karanta ayoyin nan ta hanya biyu.

Fasto Barnaba, Sabon Gari

Malama Rifkatu, labarin uwar nan ya taɓa ni, kuma abin da baƙon mai wa'azin ya yi ɓarna ce, ko a ma'aunin waɗanda yake ganin yana bi. Babban taron malaman ikkilisiya na Dort a ƙasar Holan, wanda ya zauna daga 1618 zuwa 1619 ya kuma ƙi matsayin mabiyan Arminiyus, shi da kansa ya rubuta cewa dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da bambanci ba, tare da umarnin tuba da gaskatawa. Ba wanda aka ba jerin sunayen. Muddin yaron yana numfashi, ba mai wa'azin da ke da ikon cewa ba ya ciki. Ni ma zan ƙara da cewa uwar da ke roƙon Allah ya juyo da zuciyar ɗanta ta riga ta gaskata cewa Allah yana da iko a kan zuciya mai taurin kai, in ba haka ba me take roƙo? A durƙushe dukanmu mun fi yarda da juna fiye da yadda muke yi a tsaye.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne maganar matasan da suka ce wa'azi ya zama wahalar banza, domin nan ne na fi ganin amfanin koyarwar a aikina. Ka kai su Ayyukan Manzanni 27. Jirgin da ke ɗauke da mutum 276, har da Bulus, ya shiga hadari, mala'ika ya gaya masa ba ran da zai salwanta. Alkawari ne tabbatacce. Duk da haka, da ma'aikatan jirgin suka nemi sulalewa da ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa jarumin da sojojinsa idan mutanen nan ba su tsaya cikin jirgin ba, ba za ku tsira ba. Bai ga wani karo tsakanin maganganun biyu ba, domin Allah da ya ƙudura tsirar shi ne ya ƙudura hanyar da za a tsira. Haka ma a Koranti, sura ta 18, Ubangiji ya ce masa kada ya ji tsoro, ya ci gaba da magana, domin yana da mutane da yawa a birnin. Mutanen ba su tuba ba tukuna. Jin haka bai sa Bulus ya tattara kayansa ba, zama ya yi shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Kuma mutumin da ya rubuta Romawa 9 shi ne ya buɗe surar da baƙin cikin da ba ya yankewa saboda danginsa, ya shiga sura ta 10 da addu'a domin cetonsu, ya tambaya yaya za su ji in ba mai wa'azi.

Gaskiya ne an sami waɗanda suka mai da koyarwar matashin kai. A Ingila a ƙarni na 18 akwai 'yan Baptis da suka daina kiran masu zunubi su tuba, wai kada su shiga aikin Allah. Amma daga cikin ɗarikar nan tasu, masu riƙe da koyarwar zaɓe, aka sami Wiliyam Keri, mai gyaran takalma, wanda ya tsaya kai da fata aka kafa ƙungiyar aikin bishara a 1792, ya tafi Indiya a 1793, ya yi shekara bakwai kafin ya ga Ba'indiye na farko ya karɓi baftisma. Joj Witfild ma, mai riƙe da koyarwar Kalbin, wanda suka saɓa da Wesli a kan wannan batu tun wajen 1740, ba a yi mai wa'azin fili kamarsa ba a zamaninsa, kuma da ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan.

Mu kuma a ƙasar Zazzau ba ma buƙatar zuwa nesa. Walta Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka a Legas a 1893 da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, wato yankin nan namu na kudu da Sahara kamar yadda ake kiransa a lokacin, a Girku ya rasu a 1894 ba tare da ya kafa ko rumfar sujada ba. Likita Mila, ɗan mishan na Angilikan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, aka koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Ban ce duk waɗannan mutane ra'ayinsu ɗaya a kan Kalbin da Arminiyus ba. Abin da nake cewa shi ne ba kakanninmu ne suka aika a kira su ba, kuma ba mu fi 'yan'uwanmu na jini da ba su bi wannan hanya ba kirki ko hankali. Kirista Bahaushe da ya riƙe wannan da kyau ba zai iya raina maƙwabcinsa ba. Abin da ke ba ni tsoro a ikkilisiyoyinmu shi ne yadda muke rera cewa mu zaɓaɓɓiyar kabila ce, mu tsaya nan, mu mance 1 Bitrus 2:9 ta ci gaba da cewa domin mu yi shelar al'ajiban wanda ya kira mu daga duhu. An kira Ibrahim ne domin dukan kabilun duniya su sami albarka ta wurinsa. Amos 3:2 kuwa ya fi zafi: ku kaɗai na sani cikin dukan kabilun duniya, saboda haka zan hukunta ku a kan laifofinku.

Yusufu, Palladan

Iyayena, ni ɗan Katolika ne, kuma ƙarami a cikinku, amma ina so in ƙara abu ɗaya don kada a ɗauka batun na 'yan Furotesta ne kaɗai. A 529 aka yi wani taro a garin Oranj, a ƙasar da yanzu ake kira Faransa, wanda ya tabbatar da maganar Agustin cewa ko mafarin bangaskiya da marmarin gaskatawa kyautar alheri ne, ya kuma la'anci duk mai cewa ikon Allah ya ƙaddara wani ga mugunta. Har yau katikisim ɗinmu na 1992 yana cewa Allah ba ya ƙaddara kowa ga wuta, sai dai mutum ya juya wa Allah baya da gangan ya kuma nace a kan haka har ƙarshe. A cikin gidanmu ma an yi irin gardamar Baba da Malama Rifkatu, tsakanin limaman Dominikan da na Jezuwit, a kan yadda alheri ke aiki tare da 'yancin mutum. An shafe shekaru ana zama a Rum, har a 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallami taron, ya bar kowane ɓangare ya koyar da ra'ayinsa, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a. Wasu na ganin wannan gudun yanke hukunci ne. Ni kuwa ina ganin shi ma hukunci ne, cewa iyakar da aka shata a Oranj ta isa.

Malam Ishaku, Samaru

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Na sami abin da zan shiga aji da shi. Saura abu ɗaya. A cikin matasan akwai wata yarinya da ba ta shiga gardamar ba, sai bayan an tashi ta tsaya ta tambaye ni a hankali yadda za ta san ko tana cikin zaɓaɓɓu, domin ta ce takan faɗi cikin zunubi ɗaya sau da sau, kuma wani lokaci ba ta jin komai idan tana addu'a. Baba, me ya kamata in ce mata?

Baba Istifanus, Wusasa

Ɗana, wannan yarinya ta fi duk masu gardamar buƙatarka, kada ka bar ta ta jira mako mai zuwa. Kuma idan za ka zauna da ita, ka nemi wata uwa daga zumuntar mata ta zauna tare da ku.

Kada ka tura ta binciken abin da Allah ya ɓoye. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abubuwan da aka bayyana su ne namu da 'ya'yanmu. Abin da aka bayyana shi ne Yohanna 6:37, kuma ka karanta mata ayar duka: duk wanda Uba ya ba ni zai zo gare ni, wanda kuwa ya zo gare ni ba zan kore shi ba ko kaɗan. Rabin farko aikin Allah ne, rabi na biyu shi ne nata. Ka tambaye ta ko tana son Almasihu ya cece ta daga wannan zunubin, ko kuwa so take a bar ta da shi a kuma ba ta sama. Idan ta ce so take a raba ta da shi, ka gaya mata mataccen mutum ba ya jin ciwo, damuwar nan da ke hana ta barci ba daga jiki ta fito ba. A nan ko Kalbin, da Malama Rifkatu ta ambaci maganarsa mai nauyi, ya ce kada mu nemi tabbacin zaɓenmu a cikin kanmu, Almasihu ne madubin da za mu duba. Taron Dort ma ya rubuta cewa waɗanda ba su ji ƙarfin bangaskiya a ransu ba tukuna, amma suna marmarin juyowa ga Allah, kada maganar hallaka ta firgita su, su dai ci gaba da jin Maganar Allah da addu'a, domin ya yi alkawari ba zai kashe fitilar da ta kusa mutuwa ba.

Amma kada ka tsaya a lallashi. 2 Bitrus 1:10 ta ce mu yi himma mu tabbatar da kiranmu da zaɓenmu, kuma ayoyin da suka gabace ta sun lissafa kamunkai da jimiri da ƙaunar 'yan'uwa. Ku bincika tare abin da ke kai ta ga faɗuwar, ko waya ce, ko abokai, ko zaman kaɗaici a ɗakin kwanan ɗalibai, a toshe ƙofar.

Game da ajin kuma, shawarata ita ce ka karanta musu Afisawa 1:3-14 a zama ɗaya, da murya, ba tare da tsayawa ba, ka sa su ƙirga sau nawa aka ce "cikin Almasihu" ko "a cikinsa", su kuma lura cewa aya ta 13 ta ce sun ji maganar gaskiya, sun gaskata, sa'an nan aka hatimce su da Ruhu. Romawa 9 ka ajiye ta sai kun gama sura ta 2 ta Afisawa, kuma ranar da za ku karanta ta ku haɗa da ta 10 da ta 11.

Malama Rifkatu, 'yata, amsarki a kan mutane biyun nan ba ta gamsar da ni ba tukuna, domin idan alheri ɗaya aka miƙa wa dukansu, har yanzu ina tambayar abin da ya sa ɗaya bai ture ba. Amma 1 Timoti 2:4 da kika kawo ita ma tana nan a Littafina, kuma ba zan rage mata ƙarfi don ta dace da tsarina ba. Ki kawo mini yadda kike karanta Ayyukan Manzanni 13:48, inda aka ce duk waɗanda aka ƙaddara wa rai madawwami suka gaskata, mu ci gaba daga nan.